Ranar da Garzali Ya Taka Zangon Farko

Garzali Abubakar Tsafe bai zo Doha don wasa ba. Karatun digiri na uku ne ya kawo shi, yana binciken yadda gishiri ke kutsawa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma a shekara biyun da ya yi a garin bai taɓa gudun da ya wuce na cim ma motar jami'a ba. Shekarunsa talatin da shida. Yana da mata, Haulat, da 'ya ɗaya, Firdaus, da wani matsakaicin tumbi da shinkafar Larabawa ta rena masa bisa amana.

Bakinsa ne ya ja masa. Wata Alhamis da la'asar suna zaune a kasuwar Souq Waqif suna shan shayin madara da ake kira karak shi da Mubarik, wani ɗan Kumasi da suke aiki a ɗakin gwaji ɗaya, sai Mubarik ya shiga ƙorafi da Hausarsa wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce ƙungiyar bezbol ta jami'arsu na son shiga gasar ƙasa ta ƙungiyoyin ɗalibai, amma doka ta ce sai da sunayen mutum goma sha biyu, su kuwa sha ɗaya ne.

"Shi bezbol ɗin mene ne?" in ji Garzali.

"Cale," in ji Mubarik, wato aboki a bakin 'yan Kumasi, "ba wani abu ba ne. Jifa ne, da duka, da gudu."

"Jifa? Ai da tun ɗazu ka faɗa. Ni da nake yaro a Tsafe, dutse ɗaya nake jefawa mangwaro uku su faɗo."

Gaskiyar magana, sau ɗaya mangwaro ya taɓa faɗowa bayan jifarsa, kuma ranar ana iska. Amma kafin ya kurɓe sauran shayinsa Mubarik ya rubuta sunansa a waya ya aika.

Mai horar da su malamin lissafi ne ɗan Japan, Dakta Ishida, wani ɗan siririn dattijo da kewar gida ta sa ya kafa ƙungiyar. Ranar Talatar farko ya zaunar da Garzali a gefen fili ya zana masa wasan a ƙasa da tsinke. Zango huɗu ne a kusurwa huɗu, na huɗun shi ake kira gida. Mai jifa ya jefo ƙwallo, kai kuma ka doke ta da gora ka ruga zangon farko. In ka kuskure sau uku, ka fita. Wanda ya kewaye zangunan duka ya dawo gida, ƙungiyarsa ta ci ɗaya. Muddin ƙafarka na kan zango ba mai iya yi maka komai, amma in ka sauka aka taɓa ka da ƙwallo, ka fita. In mutum uku suka fita, sai ku ba abokan karawa gora ku koma tsaron fili.

Garzali ya gyaɗa kai irin na wanda ya wuce wannan aji tuntuni. Aka miƙa masa ƙwallo aka ce ya jefa wa Mubarik, wanda ke tsaye taku ashirin a gabansa. Ya ja hannu baya, ya tuna mangwaron Tsafe, ya saki. Ƙwallon ta haye kan Mubarik, ta haye shinge, ta faɗa wurin ajiye motoci, can sai suka ji wata mota ta kama kuka.

"Da kyau," in ji Dakta Ishida. "Sake."

Haka mutumin yake. Ko me ka yi, sai ya ce da kyau, sake. Da aka zo duka kuwa, abin ya fi muni. Sai ƙwallo ta wuce ta shige safar hannun mai cafewa a bayansa sannan Garzali zai kaɗa gora, kamar mai amsa sallama bayan baƙo ya tafi. Wata biyu ana haka. Daga ƙarshe aka ba shi tsaron can ƙuryar fili ta dama, inda Mubarik ya ce masa nan ake sa masu natsuwa. Sai daga baya ya gane nan ne ƙwallo ba ta cika zuwa ba.

Da kayan wasa suka iso, ya sa nasa a gida ya tsaya gaban madubi. Farin wando ne da ya matse shi ta ko'ina, da riga mai lamba goma sha biyu, da hula mai baki. Ya shanye tumbi, ya saɓa gora a kafaɗa, ya ce wa Haulat ta ɗauke shi hoto.

"Abban Firdaus, ka yi numfashi mana kada ka faɗi," ta ce.

"Ke dai ɗauka."

Ya tura hoton a zauren danginsu na waya, ya rubuta a ƙasa: shirin gasar ƙasa, a taya mu da addu'a. Ba ƙarya ya yi ba. Gasar ƙasa ce, tunda duk faɗin ƙasar ba wata. Abin da bai rubuta ba shi ne ƙungiyoyi biyar ne kacal suka shiga, ɗaya ma ta janye saboda jarrabawa. Kafin magariba yayarsa Asabe da ke Gusau ta yaɗa wa duk wanda ta sani cewa ƙaninta na buga wa ƙasar Qatar wasa. Garzali ya ga ƙaryar ta zo wucewa ta gabansa, ya matsa mata hanya.

Aka fara gasa a watan Fabrairu, lokacin da zafin garin ke sassautawa. Wasa uku ƙungiyarsu ta yi, ta ci biyu, ta kai wasan ƙarshe. Duk ukun a kan benci Garzali ya yi su, yana raba ruwa da dabino, yana tafi in ya ga 'yan uwansa na tafi. Kuma har ga Allah bencin ya yi masa. Akwai inuwa, ga kayan wasa a jiki, ba kuma wanda ke jefo maka wani abu mai taurin dutse.

Ana saura kwana uku wasan ƙarshe wayarsa ta yi ƙara. Nababa ne, wani dattijo ɗan garinsu da ke gadi a ɗaya daga dogayen benayen West Bay, wanda tun ranar da Garzali ya sauka Doha yake kiransa Dakta. Labarin ya tashi daga Doha ya je Gusau, ya biya Tsafe, ya dawo Doha ya yi ƙiba.

"Dakta, a ce kana buga wa ƙasa wasa, ina gari ɗaya da kai, sai daga gida zan ji?"

"Yaya Nababa, ba fa wani babban abu ba ne."

"Kunya ce irin taku ta masu ilimi. Juma'a ce ko? Khalas, magana ta ƙare. Na yi magana da Ɗantala, zai samo mana bas. Duk wanda ba ya bakin aiki zai zo."

Garzali ya ajiye waya. Ya lallashi kansa da cewa za su zo su gan shi a benci, ya ce musu ciwon gwiwa ne, a rabu lafiya.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci suka nufi Umm Salal, inda aka ja farin layi a wani filin ƙwallon ƙafa da ke maƙwabtaka da gona. Iska na kaɗo warin taki daga bayan itatuwan dabino. Tun a mota aka ce ɗaya daga cikin 'yan wasansu ya tafi gida jinyar mahaifinsa, wani kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Saura goma, ana buƙatar tara. Garzali ya ƙirga su sau biyu, ya ga har yanzu shi ne na goma, ya yi hamdala a zuci.

Sai ga bas ɗin Ɗantala. Mutum ashirin da wani abu suka sauko, masu gadi da direbobi da masu aikin otal, wasu da manyan kaya kamar za su ɗaurin aure, wani ma da jarkar ruwa da zai kaɗa a matsayin ganga. Duk sauran 'yan kallon filin in an haɗa su ba su kai su yawa ba. Haulat na gefe a kan kujerar roba da Firdaus a cinya. Ita ta zauna ta karance dokokin wasan a waya tun makonni, har ta fi mijinta sanin abin da ake ciki.

A zagaye na biyu, wani ɗan Masar da ke tsaron ƙuryar dama ya bi ƙwallo ya taka bututun ban ruwa, ƙafarsa ta gurɗe. Aka tallabo shi zuwa benci. Dakta Ishida ya dubi bencin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kamar yana fatan wani zai tsiro, sannan ya ce, "Garzali."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya ɗauki safa ya shiga fili, jarka ta ɗauki kiɗa.

Sau ɗaya ƙwallo ta nufo shi a tsaron fili. Ya ga ta tashi sama, ya rugo gaba da hannu a miƙe, ta sauka a daidai inda ya baro. Kafin ya juya wani ya zo ya ɗauke ta, abokan karawa sun ci ɗaya. Mutanen Nababa suka tafa, don sun ga ya yi gudu. Da ya karɓi gora karon farko, ƙwallo uku suka wuce bai ko motsa ba, ya juyo benci da taƙama irin ta wanda ya ƙi sayen kaya don bai ga mai kyau ba. Suka sake tafawa. Karo na biyu ya kaɗa gora sau uku ya doki iska sau uku, aka ji Nababa na gaya wa na kusa da shi cewa Dakta na auna mai jifar ne tukuna.

Aka zo zagaye na bakwai, wanda shi ne na ƙarshe. Abokan karawa na da shida, su biyar. Mutum biyu sun riga sun fita, saura ɗaya wasa ya ƙare. Mubarik ya doki ƙwallo ya kai zango na biyu. Wanda ke biye a jeri kuwa Garzali ne, bayansa kuma sai wani ɗan Koriya da ya fi kowa iya duka a duk gasar. Garzali ya dubi Dakta Ishida ko akwai wata dokar da za ta ba da dama a tsallake shi. Babu.

Ya ɗauki gora ya tsaya a gida cikin matsattsen wandon. Mai jifar wani dogon yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba. Ta farko ta wuce. Ta biyu ya kaɗa ya kuskure. Kafin ta uku ya yi wani lissafi irin na masu bincike: tunda kullum a makare yake, to bari ya kaɗa tun kafin ya ga ƙwallon. Yaron na ɗaga ƙafa, Garzali ya runtse ido ya kaɗa.

Ya ji wani ɗan ƙas a bakin gorar. Ya buɗe ido ya ga ƙwallon na gangarawa a hankali a gabansa, ba ta fi taku biyar ba, kamar ƙwai ya suɓuce daga faranti. Mai jifa ya taho, mai cafewa ya taho, kowa ya tsaya yana jiran ɗan uwansa ya ɗauka.

"Ka gudu, Abban Firdaus." Muryar Haulat ce, kuma tunda ya aure ta bai taɓa jin ta ɗaga murya haka a bainar jama'a ba.

Ya yar da gora ya kwasa. Bai san jikinsa na da irin wannan gudun a ajiye ba. Tumbi na gaba yana biye, hular kwano na rawa a kansa, wani abu ya tsinke a bayan cinyarsa bai kula ba. Ya taka zangon farko, sannan ya ji ƙwallo ta faɗa safar mai tsaron zangon. Alƙalin wasa ya buɗe hannuwa, alamar ya tsira. Mubarik kuma ya kai zango na uku, taku kaɗan tsakaninsa da gida.

Yanzu abin da ya rage wa Garzali a duniya shi ne ya tsaya. Ɗan Koriya na tahowa da gorarsa. Duka ɗaya mai kyau, Mubarik ya shigo gida a yi kunnen doki, wataƙila ma su ci. Ba a neman ilimi ko ƙarfi a wurinsa, ƙafa ɗaya kawai ake so ya bari a kan farin matashin da aka ajiye a matsayin alamar zango.

Amma zangon farko na kusa da inda mutanen Nababa suke. Jarka ta haukace. Nababa ya cire hula yana yi masa kirari, yana kiran sunan kakansa, yana kiran duwatsun Tsafe. Mutanen da ke wuni a tsaye bakin ƙofofin benaye ba mai ko kallonsu, yau ga nasu a tsakiyar fili da lamba a baya.  Garzali ya ga bai kamata a yi masa wannan karamci ya tsaya ƙiƙam kamar turke ba. Ya cire hular kwano, ya yi taku biyu wajensu, ya ɗaga hannu.

Mai tsaron zangon, wani ɗan Lebanon mai ladabi, bai ma mayar wa mai jifa ƙwallon ba tukuna. Ya dubi safarsa, ya dubi Garzali, ya matso a hankali ya dafa kafaɗarsa da ita kamar mai yi masa ta'aziyya.

Alƙali ya dunƙule hannu, alamar ya fita. Wasa ya ƙare.

Abokan karawa suka zubar da safofinsu suka ruga tsakiyar fili suna rungumar juna. Mutanen Nababa da suka ga ana murna, kuma sun ga nasu ne ya yi abu na ƙarshe, sai su ma suka kwararo cikin fili. Kafin Garzali ya buɗe baki an sure shi sama. Mutum huɗu suka saɓa shi, Ɗantala na nishi a ƙarƙashin cinyar da ta tsinke. Daga can sama yana hango komai: ɗan Koriya tsaye da gorar da bai samu ya kaɗa ba, Dakta Ishida ya harɗe hannu a baya, Mubarik kuma har yanzu yana kan zango na uku, bai sauka ba.

"Ku sauke ni," yake cewa. "Jama'a ku sauke ni, mu aka ci." Kiɗan jarka ya danne maganar. Sai da suka kewaya da shi rabin fili sannan Haulat ta samu ta tare Nababa ta yi masa bayani.

Aka sauke shi a hankali. Nababa ya mayar da hularsa ya gyara mata zama.

"Dakta, amma ai mun ga ka doki abin."

"Na doka, Yaya."

"Ka kuma riga shi isa."

"Na riga shi. Sauka daga kan matashin nan da na yi, shi ya kashe wasan."

"Wato gaisuwar da ka yi mana."

"Ita."

Nababa ya ce, "To ashe mu muka ja maka. Da mun sani da mun yi shiru."

Ga ƙofar ɗora musu laifi a buɗe, kuma Garzali ya leƙa ta. Sai dai ya ce, "A'a Yaya, ƙafata ce ta sauka, ba taku ba. An gaya mini dokar tun ranar farko. Kuma tunda abin ya zo haka, ba ƙasa nake buga wa ba. Ƙungiyar makaranta ce, ni ne na cikon lamba. Yau ne ma na fara shiga fili."

"Wannan kuma tun da ƙwallo ta faɗo bayanka muka gane," in ji Ɗantala yana murza kafaɗa. "Mun dai riga mun zo ne."

Aka raba lambobin yabo. Kowannensu ya samu ta azurfa, na biyu a duk ƙasar. Da Dakta Ishida ya zo rataya wa Garzali tasa, ya ɗan rusuna ya ce, "Ka doki ƙwallo. Da kyau." Ya gyara masa igiyar a wuya. "Ka sauka daga zango. Wannan ba kyau." Wannan karon bai ce sake ba, ya wuce na gaba.

A hanyar gida suka wuce gonakin suka hau babban titi. Sannan Haulat ta ce ta ɗauki abin duka a waya, tun daga dukan har ɗaga hannun, in yana so ta goge. Ya ce ta bari. Da suka isa, shi da kansa ya tura wa dangi, ya rubuta musu bayanin abin da za su gani. Asabe ta aiko da saƙon murya na minti huɗu, uku a ciki dariya ce. Mako guda a zaune yake sallah saboda cinyar.

Mubarik ne bai yi dariya ba. Lahadi da Litinin da Talata suna ɗakin gwaji ɗaya, teburinsu na kallon juna, in ban da sallama ba abin da ke haɗa su. Garzali ya san shekara uku Mubarik na wannan ƙungiya, kuma bana zai gama ya koma Kumasi, ba shi da wata gasar a gaba. Ranar Laraba ya ɗingisa ya je ya tsaya a gefen teburinsa.

"Mubarik, ka yafe ni. Na san abin da na ɓata maka."

Mubarik ya ci gaba da liƙa takarda a jikin kwalaben ruwan gwaji. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Cale, ka san abin da ya fi ci mini rai? Ina kallonka. Daga inda nake na ga ka cire hula. Na ga ka ɗaga ƙafa ɗaya. Na ce a'a, mutumin nan yana da digiri biyu, ba zai yi ba. Matarka ma ya tashi tsaye yana nuna maka ƙasa. Ni kuma na kira sunanka sau uku. Garzali, Garzali, Garzali. Har maƙogwarona ya yi ciwo. Ba ka ji ba ne?"

"Na ji."

Mubarik ya ajiye kwalba ya ɗago. "Ka ji?"

"Na ji sarai. Na ɗauka kai ma kirarin kake taya su."

Mubarik ya zuba masa ido. Leɓensa ya fara rawa, ya cije, ya juya baya ya dafa tebur. Kafaɗunsa suka kama girgiza. Sai da wata 'yar Indiya da ke aiki a ɗaya gefen ɗakin ta leƙo ta tambaya ko lafiya, ya ɗaga mata hannu yana share hawaye da bakin farar rigarsa.

"Allah ya shirye ka," ya ce da ya samu numfashi. "Yalla, maza miƙo mini kwalaben can, na rijiya ta huɗu. A hankali, kada ka jefo."